Wayar Da Ta Gane Gida

Jabir ya ɗaure sabuwar rauta, na'urar wayifai, a bangon falo, ya ja waya zuwa kwamfutar da ke kusurwa. Jakar kayan aikinsa na rataye a kafaɗarsa, ko sau ɗaya bai sauke ta ba.

Raliya na tsaye a kansa kamar za ta haɗiye shi don gaggawa. Tun makon jiya da mijinta Hammanjoda ya tafi Lau duba shanu ba a sake jin ɗuriyarsa ba. An tsinci motarsa a gefen hanya, layinsa kuma a kashe. Ana cikin wannan sai tsawa ta ƙone rautar gidan, alhali duk hotunansa suna cikin kwamfuta. So take a buɗe foldar hotunan ga kowace waya a gidan, kowa ya kwasa ya watsa, ko Allah zai sa wani ya gan shi.

Ba ta sha wahalar neman mai gyara ba. Jabir ne ya haɗa musu ta farko, ɗan unguwa ne nan Turaki B, mai gyaran waya a bakin titi. Hammanjoda kan zauna shagonsa su sha hira, har ranakun tafiyarsa ya sani.

"Adda, wane suna za a saka ma wayifai ɗin? Sabo ya fi kyau," in ji Jabir.

"Tsohon. Da faswod ɗinsa."

"Tsoho ba shi da tsaro fa, Adda. Bari in canja."

Daga kan darduma Hajja, uwar mijin, ta ɗago kai. Ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba, yau ma ba ta kira ba.

"Abin da mai gidan nan ya sa, ba mai canja shi sai ya dawo da ƙafarsa. Wanda ya mutu ake sauya wa kaya."

Jabir ya share gumi, ya rubuta tsohon suna. Fanka na juyawa, amma rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Wayoyin gidan suka shiga hawa da kansu, tunda sun san sunan. Raliya ta buɗe shafin rautar a tata wayar, yadda mijinta ya koya mata don kama yaran maƙwabta masu shan data. Ga tata, ga ta Hajja, ga kwamfuta, ga ta Bappa Hashim, ƙanin mahaifin mijin, wanda tun safe yake kai da komo a tsakar gida yana waya ƙasa-ƙasa.

A ƙarshen jerin sai ta ga wani suna: Ɗan Hajja.

Sunan da Hammanjoda ya raɗa wa wayarsa ke nan. Wayar da ta isheta da kukan maraƙi, don muryar maraƙinsa ya ɗauka ya mai da ita ƙarar kira, ita kuwa kullum sai ta yi masa tsiya a kai. Wayifai ba ya wuce katanga. Wayar tana cikin gidan nan.

Ta nuna wa Jabir.

"Tsohuwar ajiya ce, Adda. Rauta tana yin haka. Bari in kashe in kunna."

"Sabuwar rauta ce za ta yi tsohuwar ajiya? Kar ka taɓa. Biyo ni."

Ta tasa shi gaba zuwa tsakar gida. 'Yan jaje sun cika tabarmi, kowa da carbi. Ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, idonta ya tsaya a kan Bappa Hashim. Da ma sun taɓa sa-in-sa da Hammanjoda kan garken gado. Yana ganinta ya juya baya, ya nufi bayan gida wajen turken awaki.

Ta bi shi, Jabir na gefenta. Sandunan da ke nuna ƙarfin wayifai a wayar mijinta suka soma raguwa. Suna isa turke saura guda ɗaya. Wato mai wayar ya yi nisa da falo. Ta tsaya a gaban tsohon.

"Bappa, juyo aljihunka."

Tsohon ya dube ta kamar ta mare shi. Ya zazzage aljihu: goro, makulli, da 'yar wayarsa. Ya ce da 'yan banga yake magana, ba ya so Hajja ta ji. Kunya ta rufe ta, ta bar shi nan tsaye, ta koma falo, Jabir na biye da ita.

"Na ce miki kuskure ne," in ji Jabir, yana gyara zaman jakarsa. "Zan je shago in dawo."

Ta sake duba shafin. Sandunan sun cika taf. Ta leƙa ta taga, Bappa Hashim na can wajen turke bai motsa ba.

An cire layi, amma waya mai wayifai ba ta buƙatar layi. Raliya ta tsaya a bakin ƙofa, ta danna wa wayar mijinta kiran intanet.

Sai maraƙi ya fasa kuka daga cikin jakar Jabir.