Ranar da Malama Ta Rufe Hoton

Har yau ƙamshin ɓawon lemo yakan mayar da ni aji uku, a makarantarmu ta Ƙofar Marke. An tashi, kowa ya watse, sai Malama Rifkatu ta ce in tsaya. Tana ɓare lemo ta turo mini littafin karatunmu.

Ban ji ko ɗar ba. Ni ce gwanar aji, ni ce Inna take kira in yi wa baƙinta karatu. Ina ganin hoton akuya na rero labarin har ƙarshe, kamar yadda muke hadda a makarantar allo.

"Madalla," in ji Malama. Ta buɗe wani shafi, ta rufe hotonsa da tafin hannunta, ta nuna kalma ɗaya. "Wannan fa?"

Haruffan suka tsaya suna kallona, ba wanda ya ce mini komai. Ta nuna na farko. Na san sunansa, amma ban san sautinsa ba.

"Malama, don Allah kada Inna ta ji."

"Kunnenki ya yi ƙoƙari, 'yata. Gobe sai mu koya wa ido."

Ta miƙo mini rabin lemon. Na riƙe shi har gida, kunya ta hana ni sha.

Sai bayan na gama jami'a Inna ta gaya mini cewa ita ce ta je ta roƙi Malama ta duba ni.

"Ɗiyata, ni ban san boko ba," ta ce, "amma kina yi muna karatu idonki na bisa rufin ɗaki."