Rabon Auta

"Batirina ya fi naka nisan zango!" in ji Yaya daga ƙofar shagonsa.

"A mafarki!" ƙanensa ya mayar daga tsallaken titi.

Baburan lantarki suke haɗawa, kowa yana ɓoye dillalin da ke kawo masa batir. Kwatsam kaya suka yanke. Dillalan suka ce saura kaɗan, wanda bai je ya roƙi mai kamfanin batir ba sai rufe shago.

A ƙofar ofis ɗaya suka yi kiciɓis, kowa yana haki.

Suna shiga, kujerar mai kamfanin ta juyo. Autarsu ce, wadda suka tura wa tarin matattun batura ranar rabon shagon Baba. Su ta farfaɗo da su har ta kafa kamfanin.

"Ku zauna, yayyena," ta ce tana murmushi. "Gadon nawa kuka zo saya?"