Sa Ba, Sai Dai…

Dubagari ya soka sanda a bangon ƙasar da ke tare tafkin ruwan ƙazanta a gangaren unguwar Briqueterie, cikin Yawunde. Sandar ta nutse kamar a tuwo.

Ya dubi Gajere mai tsire, wanda gidansa da tukubarsa ke gindin bangon, ya ce da Faransanci, "Ça va céder!" Abin da ya shiga kunnen Gajere shi ne, "Sa ba, sai dai."

Gajere sabon zuwa ne daga Kano, amma ya san "sa ba" lafiya lau ke nan. "Sai dai" kuwa, wa bai san ma'anarta a bakin ma'aikaci ba? Ya naɗe tsire ya cusa masa. Mutumin ya yi ta nuna bango yana ihu, Gajere ya ƙara masa ƙoda.

Ya shiga gida yana taƙama. "Larai, na kashe maganar. Ashe Faransanci rabinsa Hausa ne."

Matarsa haifaffiyar Yawunde ce. Da ya maimaita mata kalaman, sai ta suri goyonta.

"Maigida, cewa ya yi zai fashe!"

"Haba! Ai ya karɓi tsirena."

Baƙin ruwa ya leƙo ta ƙarƙashin ƙofa.

Larai ta ce, "To ga mai gayya nan da kansa. Ƙara masa ƙoda."