Gilashin Ƙofar Asibiti

Tun da aka kafa gilashi mai ganin zafin jiki a ƙofar asibiti, duk wanda ya nuna ja ba ya shiga. Hansatu ta tako cikin rana da kunun mahaifiyarta da ke kwance a ciki.

"Kin yi ja, 'yata," in ji mai gadi. "Nemi inuwa."

Wani ya fito daga mota mai sanyi yana tari, ya wuce abinsa.

"Baba, wancan fa? Ni rana ce ta gasa ni!"

"Gilashi bai san rana ba."

Lokacin ziyara na ƙarewa. Ta fizgi butar mai gadin ta sheƙa wa kanta ruwa, ta shige tana ɗiga, ko waiwaye babu. A gilashin, kunun kaɗai ya rage ja.