Ƙwandalar da Gishiri Ya Ci

Zauna ka ji, ɗan'uwa, tunda ka ce nauyin baki ke hana ka neman abin da ba ka sani ba.

An yi wani tela a Zariya wanda ba shi da abin sha'awa kamar tara tsofaffin kuɗi. Anini mai huji, sisi, sule, dala, duk yana da su jere a cikin wani faranti da ya shimfiɗa wa ƙyallen karan-miski. Wata rana ya je wurin maƙerin azurfa, sai ya hango wata ƙwandala baƙa ƙirin a cikin tarkacen da za a narka a yi awarwaro. Ba ta da zagaye sosai, fuskarta guda kuma ta zaizaye kamar gara ta ci. Ya saye ta, ya kai wa wani dattijo da ya fi shi sanin harkar. Dattijon ya juya ta, ya ce ba abin da ke cin azurfa haka sai ruwan teku, wannan daga jirgin da ya nutse ta fito. Da tela ya faɗa wa abokansa masu tara irin waɗannan kuɗi, suka yi ta dariya, suka ce jabu ya kwaso, ina Zariya ina teku? Abin ya yi masa ciwo, don a cikinsu bai taɓa faɗin abin da ba shi ne ba. Sai ya koma wurin maƙerin ya tambaya. Maƙeri ya tura shi wurin wata dillaliya, dillaliya ta tura shi gidan wata tsohuwa a Tudun Wada. Tsohuwar ta ce a kayan gadon mahaifinta ta same ta, shi kuwa fataucin goro ya yi a Gana, har ta tuna sunan garin bakin teku da yake sauka.

Shekara biyu yana aika saƙo yana jiran amsa, kafin ya samu sarari ya hau mota ya tafi da kansa. Hausawan zangon garin suka karɓe shi hannu bibbiyu, suka raka shi gida gida, har aka dangana da wani tsohon masunci yana gyaran taru a gindin kwakwa. Da ya ga ƙwandalar sai ya ajiye tarun ya shiga ɗaki. Ya fito da wasu guda biyu, baƙaƙe, gishiri ya manne su wuri ɗaya. Ya ce kakansa ne ya jawo su a taru daga wajen duwatsun da wani jirgi ya nutse tun zamanin da, su uku a manne, ya ɓamɓare ɗaya ya ba wani Bahaushe mai goro da ya yi jinyarsa lokacin da ƙafarsa ta kumbura. Tela ya ɗora tasa a kan gurbin da aka ɓamɓare. Ta zauna daram, kamar murfi a bakin tukunyarsa.

Masuncin ya yi dariya har da hawaye, ya rungume shi, ya ce, "Ashe tana nan da ranta." Matan zango suka rangaɗa guɗa, aka gasa kifi, aka ci aka sha, aka ɗauki hoton ƙwandalolin uku a tafin hannun tsohon. Tela ya koma Zariya da tasa a aljihu, da hoton, da sababbin abokai a garin da bai taɓa mafarkin takawa ba.

Ka ga, bai san teku ba, bai san hanya ba, bakinsa kawai ya kai shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.