Ciwon Cikin Auta

"Likita, a zura kyamarar nan a duba hanjinta," na ce. "Dajin hanji ne ya ɗauke yayana."

Sati uku autata tana kukan ciwon ciki, hankalina duk ya tashi.

Likita ya danna cikinta, ya yi mata tambayoyi. "Shekararta sha bakwai, ba jini, ba rama. Ba ta buƙatar wannan gwajin."

Sai ta fashe da kuka.

"Ƙalau nake, Likita. Ni ke wanke banɗaki. Wata huɗu ina ganin jini idan Baba ya fito. In ba ta haka ba, ba zai taka asibiti ba."

Likita ya kalli sababbin hudojin da na yi wa bel ɗina.

"Baba," ya ce a hankali, "hau gadon."