Tudun da Ya Rage a Unguwar Gishiri

Tun da teku ta fara cin tsibirin Marmaro aka kafa doka: ba a karɓar ƙuri'ar mutum a zaɓen majalisa sai yana tsaye a busasshiyar ƙasar mazaɓarsa. Mazaɓar da ta nutse, kujerarta ta bi ta.

A Unguwar Gishiri tudun maƙabarta kaɗai ya rage. Nan Iya Tasalla mai bandar kifi ta sauka daga kwalekwale da hantsin ranar zaɓe, ta tarar da layi a tsakanin kaburbura. Ba don 'yan takara ta zo ba, don dukansu biyu sun daɗe da kwashe iyalansu zuwa ƙetare. Amma muddin unguwar na da kujera, jirgin da ke kawo ruwan sha zai ci gaba da zuwar wa masu zama a kan rufin gidaje.

Kafin layi ya zo kanta, ruwa ya fara hawa. Malamin zaɓe ya dubi ƙafarta.

"Iya, dugaduganki sun jiƙe, na'ura ba za ta karɓa ba. Matsa sama kaɗan."

Ta duba. Wuri ɗaya ne busasshe, kuma ta san mai shi.

"Ɗan nan, kabarin mijina ne."

"Allah ya ji ƙansa, Iya. Mutum arba'in ne a bayanki."

Ta cire takalmi, ta yi wa mijinta sallama a hankali, ta hau. Na'ura ta karɓa. Da ta sauko, na bayanta bai ko tambayi na wane ne ba, ya taka.